Malam Musbahu, Mai Kai Mu Ganin Tsuntsaye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu 2025, ina cikin shagona na takalma a unguwar Naif ta Dubai aka bugo mini waya cewa Allah ya karɓi ran Malam Musbahu bayan gajeriyar jinya. Washegari muka yi masa sutura a maƙabartar Al Qusais, unguwar da ya yi shekaru yana aiki a wani sito na kaya.

Malam, mutane da yawa a garin nan sun san ka a matsayin mai kula da sito. Kaɗan ne suka san cewa a Kalaba aka haife ka, inda mahaifinka ya je fatauci ya zauna, kuma ƙuruciyarka duk a kurmin nan na bakin teku ta ƙare, kana yi wa baƙi masu kallon tsuntsaye jagora. Ka sha gaya mana cewa a kurmi ganye ya yi yawa, ido ba ya aiki, da kunne ake nemo tsuntsu. Da baƙi suka ja baya ne ka taho Dubai neman abin da za ka riƙe iyali.

Ranar da ka fara cewa mu bi ka fadamar Ras Al Khor ganin tsuntsaye, dariya na yi maka har da riƙe ciki. Na ce yanzu gandama-gandama da mu, mu bar kasuwa mu je kallon abin da ko yankawa ba za a ba mu mu yi ba? Amma da safiyar Lahadi sai ga mu a motar haya, kana ta cewa, "Yalla, mu tafi, Alhaji Kamal, tsuntsu ba ya jiran mai shan shayi."

A nan muka yi abin kunya. Akwai wata rumfar katako a bakin ruwa inda masu kallo ke zama shiru. Muna shiga, abokinmu Abubakar Sadiq ya hango wani Bakano da ya sani a ciki. To, Bahaushe zai ga ɗan'uwansa ya wuce? Aka ɗaga murya da sallama, aka tambayi gida, aka tambayi kasuwa, har aka gangaro kan kwantenar da ta maƙale a tashar jirgi. Kafin su kai ƙarshe, zalɓe da balbelun da ke gabanmu duk sun tashi, mutanen rumfar sun juyo suna hararar mu. Ba ka yi faɗa ba. Da muka fito sai ka ce, "A nan hannu ake ɗorawa a ƙirji, khalas, shi ke nan. Gaisuwar ba za ta lalace ba kafin mu koma mota." Tun daga ranar haka muke yi, ko da yake Abubakar Sadiq yana yi ne kamar mai haɗiye magani.

Waɗannan safiyoyi su ne mafi daɗin abin da na samu a ƙasar nan. Mutum ya zauna ba ciniki, ba waya, kana miƙo masa madubin hangen nesa kana raɗa masa sunan abin da yake gani. Amma kai kullum hankalinka yana kurmi. Ka ce babu abin da ya kai hayaniyar aku da sassafe, lokacin da suke tashi daga kan bishiyoyi garke guda, kuma sai ka sake jin ta kafin ka mutu.

Sannan kunnenka ya fara nauyi. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa a hankali, ba za ta dawo ba. Ka so ka tafi gida nan take, amma hutun aiki bai zo ba sai bayan watanni. Mun ga yadda kake juyo da kunne ɗaya idan ana magana, mun san kai ma lissafin kake yi. Da hutun ya zo, muka raka ka filin jirgi muna yi maka fatan ka riski akun tun kunnen yana ji.

Da ka dawo, na tambaye ka ko ka samu akun. Ka yi murmushi ka ce, "Na same su, Alhaji. Suna nan da yawa. Na ga bakinsu yana motsi." Wallahi ranar na yi kuka a shago, na ce wa maƙwabcina mura ce.

Duk da haka Lahadi ba ta taɓa wuce ka ba, har makon da ka kwanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Malama Sa'adiya, da 'yarka Muhsinat, da 'yan'uwa na Kalaba da na nan. Allah ya ba su haƙurin rashinka, ya albarkaci bayanka. Allah ya jiƙan ka, Malam Musbahu, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ya sa ka a Aljanna Firdausi, ya mayar maka da jinka a can.