Karen da Ya Biyo Baba Tawa

Shekarar da idanun Baba suka yi hazo, muka sayar da tumakinsa a ƙauyenmu Kalfu, na dawo da shi gidana a Tawa. Karensa, wani ja mai yankakken kunne, bai nemi shawarar kowa ba. Ya yi ta bin motar da muka shiga har direba ya ji tausayi ya ɗora shi bisa buhunan gero.

Da rana su biyun sukan kwanta gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro. Baba na kiran tumakinsa cikin gyangyaɗi, karen kuma ƙafafunsa na motsi cikin barci kamar yana hawan duwatsun Adar. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsu, har in ji ƙanshin ciyawar damina a tsakar gida mai siminti.

Maigidana bai so zaman karen ba. Ya ce Musulmi ba ya ajiye kare sai na kiwo, ko gadin gona, ko farauta. Sai ga sanarwa a rediyo: za a yi wa karnuka allura a rataya musu alama a wuya, na gari a biya, na aiki kyauta. Maigida ya samu abin da yake nema. Ya ce in likitan dabbobi ya kira shi na gari, a mai da shi ƙauye. Ni kuwa na san can ba mai ba shi ko ƙanzo, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Muka tafi wurin allurar da hantsi, ni da Baba da karen. Likitan, wani matashi mai fara'a, ya rusuna ya gai da Baba.

"Baba, ina garken? Karen nan mi shika kiwo?"

Baba ya juya zai tafi, ya nufi bakin kwata kai tsaye. Kafin in miƙa hannu, karen ya sha gabansa, ya jingina kafaɗa da gwiwarsa, ya karkato shi a hankali yadda yake maido tunkiyar da ta ratse.

Baba ya tsaya, ya lalubo kan karen.

"Ɗana, ni shika kiwo."

Likitan ya durƙusa ya yi allurar, ya ɗaura alamar, bai karɓi komai ba. Ni dai na kau da kai ina share ido da mayafi. Tun da ciwon ya fara, ranar ce kaɗai na ji Baba ya yarda da bakinsa cewa ba ya gani.