Sandar Kawu a Idon Na'ura

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanya, ni da wani abokin aikina, kyamara a bayan mota. Ni ke shugabantar masu haɗa na'ura da manhajar jirgin sojoji marar matuƙi, mai hango 'yan bindiga daga sama. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a gwajinmu, duk makiyayin da ya gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa, sai manhajar ta ce bindiga ce. Ni kuwa dangin uwata kaf makiyaya ne.

A Birnin Kudu muka karya da waina da miyar taushe, mai wainar tana ta yi wa abokina tsiya wai lomarsa ta 'yan boko ce. Daga nan zuwa Gwaram dawa ta yi kai gwanin sha'awa. A nan muka ajiye motar, acaba ne ya ƙarasa da mu rugar Kawu, ƙanin mahaifiyata, kuɗin ya ninka na bara, kuma ko sisi ba ragi.

Bayan mun sha fura na faɗi buƙatata: hotunan makiyaya da sandunansu, a tsaye da a tafe, don na'urar ta koyi bambancewa. Kawu ya ajiye ludayinsa ya dube ni. Can ya ce ashe ɗan da ya saɓa a wuya shi ke yi wa abin da suke tsoro ido. Wallahi kunya ta rufe ni.

"In ta ga hotunan, ta daina kuskure?"

"Zai ragu, Kawu. Ba zan ce maka ya ƙare ba."

"Da ka ce ya ƙare, da na kore ka."

Ya aika aka tara 'yan'uwa. Kwana biyu muna ɗauka. Tsoho da ciwon gwiwa, amma ya yi ta kai-kawo cikin rana yana gyara wa kowa riƙon sanda, wai kada a koya wa inji ƙarya. Ban taɓa jin ƙaunarsa kamar ranar ba.

Mun dawo gida lafiya, alhamdulillahi. Tafiyar ta nuna mini shekara da shekaru ɗigo kawai nake gani a allo, ban taɓa tambayar ɗan wane ne ba. Ran Litinin na buɗe hoton farko a gaban ma'aikatana, na nuna musu shi.

"Wannan kawuna ne. Ba zan sa hannu a miƙa aikin nan ba sai na'urar ta san shi."