Safar Fintan a Cikin Bango

Shekara talatin da huɗu Fintan Mulhern ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙauyukan lardin Leitrim, kuma da ka tambaye shi zai faɗa maka lanƙwasar hanya nawa ke tsakanin gidansa da bakin makaranta: tamanin da ɗaya. Mutum ne da ba ya barin komai ya wuce bai ƙirga ba. Yakan san ganyen shayi nawa ya rage a gwangwani, da lita nawa ta kananzir tukunyar ɗumama gida ta sha a mako.

Gidan kuwa mahaifinsa ne ya gina shi, kuma tun Fintan yana yaro bangon ke tsatsafo da ruwa. Bayan kabad baƙi ƙirin da fumfuna, katifa na warin rigar da aka manta a bokiti. Matarsa Attracta ta shekara arba'in tana shaƙar wannan, har ƙirjinta ya gaji. Da ta kwanta asibiti sau biyu a hunturu ɗaya, likita ya ce musu kai tsaye: ko a gyara gidan, ko ta bar shi.

Washegari Fintan ya fara cika takardu. Gyaran gida gaba ɗaya, wato a lulluɓe bango da rufi da abin tare sanyi, a canza tagogi goma sha ɗaya, a sa sabon injin ɗumama, ya kama yuro dubu hamsin da biyu. Tallafin gwamnati ya ɗauke dubu ashirin da ɗaya da ɗari biyar. Sauran dubu talatin da ɗari biyar, sai da ya sayar da filin da ke bayan coci. Mako tara ma'aikata suka yi, suka sha masa shayi kofi ɗari shida da 'yan kai. Da suka tafi, gida ya yi ɗumi, bango ya bushe, tarin Attracta ya tsaya cak.

Sai wata safiya ya ji iska mai sanyi tana shafa masa ƙeya. Ya bi ta, ya tarar da wata 'yar kafa a saman bango, an rufe ta da farin marfi. Ya zagaya gidan, ya ƙirga bakwai.

"Dubu talatin na biya a toshe gida," ya ce, "su kuma su huda min shi wuri bakwai?"

"An gaya maka na numfashi ne," in ji Attracta. "Ka bar su, tsohon nan. Ba da kai aka yi karatun ba."

Ranar da ta tafi kasuwa ya hau kujera, ya cusa tsofaffin safarsa na ulu cikin kowace kafa, ya mayar da marfi. Ya hau rufi ya kashe fankar da ke zuƙe tururin kicin da banɗaki. Ya duba mitar wuta kwana bakwai a jere: kullum yana tsirar da santi arba'in, kuɗin da ko rabin yuro bai kai ba. Har fito yake yi.

Kafin watan Fabrairu tagogi sun fara zubar da ruwa. Warin nan ya dawo, ya ma fi na da, don yanzu ba shi da hanyar fita. Attracta ta koma shaƙar maganinta sau biyar a yini. Fintan ya kira kamfanin da ya yi aikin, ya zazzage musu, ya ce sun cuce shi.

Suka turo injiniyarsu, wata mai suna Orla. Tana shiga ta toshe hanci, ta dubi bango, ta nemi kujera. Ta hau, ta cire marfin kafar ɗakin kwana, ta zura yatsu biyu, ta jawo wani abu baƙi mai yauƙi, yana ɗiga, gashin fumfuna ya tsiro a kansa kamar ruɓaɓɓen ɓera. Ta riƙe shi nesa da jikinta.

"Mista Mulhern, ɗayar ƙafar safar tana wane ɗaki?"

Fintan ya matso ya dubi safar tasa.

"Ni na saƙa ta," in ji Attracta a hankali. Ta tsaya ta yi tari mai tsawo, ta dafa ƙofa. "Nawa ka samu, Fintan? Na san ka ƙirga."

"Santi arba'in a rana."

"To madalla. Yau na san farashina."

Orla ta fitar da sauran shida, ta jera su a kan jarida, ta kunna fanka. Ta ce sai an kankare bango da magani, a ba shi kamar mako shida ya bushe, kuma mai ciwon ƙirji kada ta kwana a ciki kafin nan.

Da la'asar ƙanwar Attracta ta zo daga garin Sligo da mota don ta ɗauke ta. Fintan ya kai akwatin matarsa har but ɗin motar, ya tsaya yana murza hannu.

"Mako shida ne kawai, Attracta."

"Haka yarinyar ta ce game da bango," ta ce, ta ja ƙofar mota. "Ni ban ce komai ba tukuna."

Ya koma ciki, ya cika bokiti da ruwan zafi, ya durƙusa gaban bangon ɗakinsu. Warin ya buge shi, ya fara gogewa daga ƙasa.