Takardun Gulma na Malam Sama'ila Hodi

Malam Sama'ila Hodi taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka ina da lasisin faɗar abin da na ga dama a kansa, ba kuma mai kai ni ƙara. A Gulma aka haife shi. Ya yi firamare a Argungu, sakandare a Birnin Kebbi, ya wuce Zariya, ya dawo da digiri biyu da tabarau ɗaya. Ni aji uku na yi a sakandare, muka rabu da su ba wanda ya yi kuka.

Koyarwa yake yi a wata kwaleji a Birnin Kebbi. In ka tambaye shi me yake koyarwa, sai ya ce tattalin arzikin gwamnati: yadda hukuma ke karɓa daga hannun jama'a, da yadda take mayarwa, da wanda ke tsaye a tsakiya da babbar riga. Na ce masa wannan ai kowane mai unguwa ya haddace shi ba tare da ya je Zariya ba. Ya ce gaskiya ne, amma mai unguwa ba zai rubuta ba.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, digirin dakta. Gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin karatun, shi kuma ya zaɓi ya bincika takin gwamnati mai rahusa, wa yake samu a fadama, wa ba ya samu, kuma ko launin jam'iyyar mutum na da hannu a ciki. Wannan a zamanin farar hula ne, bayan an soke haraji. Shekara uku yana hawa babur zuwa Gulma da ƙauyuka biyu na kusa, yana bi gida gida da takardun tambayoyi. Gida ɗari biyu da goma sha biyu, kowane gida takarda ɗaya, gaba da baya.

Niyyarsa ya ba kowane gida lamba, kada suna ya fito. Haka aka koya masa. Mutanenmu suka ce ba su san wannan ba. Babana Maigandi, wanda yake kawunsa, shi ya fara tubure masa a zaure.

"Lamba awa ɗan kurkuku? Rubuta Maigandi na Hammadu. In taki ya zo, lamba za a kira ko mutum?"

"Kawu, ba takardar rabon taki ba ce. Bincike ne."

"To, mun ji. Rubuta."

Ba wanda ya yarda cewa mutum zai ƙona mai daga Birnin Kebbi ya zo yana tambayar taki alhali ba takin zai kawo ba. Kuma kowa ya san da kan maza ake rabo. Da aka zo layin baligan gida sai gidaje suka fara kumbura. Mu huɗu ne a gidanmu, Baba ya lissafa goma sha huɗu. Kakana da ya rasu tun kafin a haife ni ya shiga. Ni na shiga sau biyu, da sunan yanka da na wasa. Akwai wani Abu a layi na tara, wanda duk Gulma ta san bajimin huɗarmu ne.

Malam ya gane, don ba baƙo ba ne. Bai yi faɗa ba. Sai ya riƙa komawa yana ɗiga ɗan fensir a gefen sunan duk wanda ya gani da idonsa. Daga baya ma wannan ya zama babin da ya fi alfahari da shi, yadda gida ke kumbura ko ya tsuke gwargwadon irin takardar da ta shigo zaure. Ya zuba takardun a akwatin ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya tura ƙarƙashin gado. Matarsa Asiya ta ce ko zinarinta bai samu wannan gata ba.

Sai soja suka karɓi mulki, aka dawo da haraji.

Masu unguwa suka yi ƙidayar baligai, aka wayi gari Gulma ta rame. Gidanmu ya koma mutum biyu. Ni a takarda na tafi cin rani Ikko, alhali ina kwance a ɗakin baƙi na gidan Malam, tsakanin aikin da na bari da wanda ban samu ba.

Ranar wata Litinin da hantsi, saura mako biyar Malam ya je Zariya kare kundinsa, wata Landiroba ta tsaya a ƙofar gida. Wanda ya fito Abdussamadu ne, abokin karatunsa tun sakandare, yanzu babba a wani ofishin tara kuɗin shiga a Sakkwato. Bai karɓi ruwan da Asiya ta aiko ba.

"Sama'ila, ba zama na zo yi ba. Takardun nan naka na Gulma muke so."

"Na me?"

"Ka san na me. Sunayen baligai gida gida. Ƙidayar da aka kawo muna ko yaro ba ya yarda da ita."

"Waɗannan mutane ni suka ba amsa, ba ofishinku ba."

"Wa ya biya kuɗin takarda da tawada? Wa ya ba ka hutun karatu?" Ya sassauta murya. "Ɗan'uwa, an sallami mutum goma sha ɗaya a ofishinmu watan jiya, a rediyo suka ji. Na riga na faɗa wa na sama da ni akwai takardun. Alhamis da azahar zan dawo. Kada ka sa in zo da wanda ba ya gaisuwa."

Da motar ta tafi Malam ya zauna a bakin gado ya jawo akwatin. Na ce ya yanke sunayen da reza mana. Ya ɗaga takarda ɗaya ga hasken taga ya nuna mini. Don tsimin takarda ya buga gaba da baya, sunaye a gaba, amsoshin taki daidai bayansu. In ka yanke suna ka yanke binciken. Masu jarrabawa kuwa sun rubuto cewa ya zo da takardun asali, don ɗaya daga cikinsu bai yarda da alƙaluman ba.

"To ka ba Abdussamadu," na ce. "Bajiminmu Abu ya biya nasa harajin da huɗa."

Bai yi dariya ba. Ya ce in yi tunani. In an zo gidanmu da takarda mai mutum goma sha huɗu, ko dai Baba ya ce suna nan, ya zama ya ɓoye mutum goma sha biyu daga haraji, ko ya ce babu su, ya zama ya yi ƙarya don ya ci takin gwamnati. A wannan zamani kowanne ka zaɓa akwai mota a ƙofa. Kuma ba gida ɗaya ba ne, ɗari biyu da goma sha biyu ne, duk da rubutun hannunsa.

Ran nan tuwo ya huce a kwano. Asiya ta ce ya ce musu gara ta cinye takardun. Ya ce ba zai yi ƙarya ba. Ta ce to ya ƙona. Ya ce shekara bakwai ke nan yana wannan karatu. Ta ce to ya ba su. Ta kwashe kwanuka ta ce ita dai ta gaji da auren akwati.

Talata da sassafe ya ɗaure akwatin a bayan babur, na hau na riƙe, don in ba haka ba sai in wuni da Asiya da fushinta. Shingen soja biyu muka wuce kafin Argungu. A na biyu wani ya buga akwatin da bakin bindiga ya ce mene ne. Malam ya ce takardun makaranta. Aka buɗe, ya ɗauki ɗaya ya riƙe ta a juye, ya mayar.

Bayan azahar ya tsayar da dattawa a gindin durumin masallaci ya faɗa musu komai, bai rage ba. Wani tsoho ya fara salati a hankali.

Baba ya ce, "Kai ɗan nan, mi kaj ja muna?"

"Kawu, na ce a sa lamba."

"Yanzu lokacin wagga magana na?"

Malam ya buɗe akwatin. Ya ce abin da ke ciki amana ce, kuma ba a ba wani amana sai mai ita. Zai kira suna, kowa ya karɓi tasa. In hukuma na so, ta bi gida gida ta tambaya kamar yadda shi ya bi. Roƙo ɗaya yake yi, kowa ya adana tasa, bayan mako huɗu zai zo ya ara, ya kai Zariya, ya dawo da ita.

"Don Allah ku ajiye mini. In babu su, babu karatuna."

Suka ce haba Malam, wannan ai ba komai ba ne. Har da masu dafa ƙirji. Yana kiran suna, yana bin kowace takarda da ido har ta shige aljihu. Laraba ya yi sauran ƙauyuka biyun. Muka dawo da akwati yana ƙara kamar gwangwani.

Alhamis Abdussamadu bai jira azahar ba. Ya zo da wani mai kaki wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon silin. Malam ya sa rigarsa ta lacca, ya ajiye akwatin a tsakar ɗaki a buɗe.

"Ina suke?"

"Suna wurin masu su."

"Ka ƙona."

"Ban ƙona ba. Na mayar wa kowa tasa, gaban shaidu. Ga sunayen garuruwan, ka sani."

Abdussamadu ya cire hula ya share goshi. Ya daɗe yana duban akwatin.

"Ka san abin da ka yi mini?"

"Na sani."

"Ka san abin da zan rubuta?"

"Rubuta abin da ya faru."

Mai kakin ya taka ya shigo, ya ɗaga katifa, ya buɗe kwabar Asiya, ya zazzage jakar lacca a ƙasa. Ya dubi Abdussamadu yana jiran kalma ɗaya. Abdussamadu ya mayar da hularsa ya ce, "Mu tafi. Malamin makaranta ne, ba shi da komai." Bai yi sallama ba, kuma har yau ba su sake gaisawa ba.

Kwana tara bayan haka takarda ta zo. An janye tallafin karatu, an soke hutun, ya koma aji nan take. Ya karanta ya ninke ya ce ba komai, kuɗin mota zuwa Zariya ba zai gagara ba, muddin takardun na nan.

Da mako huɗu ya cika muka koma Gulma da akwatin. Gidanmu muka fara shiga. Baba na zaune a zaure yana gyaran igiyar shanu. Aka gaisa, aka tambayi Asiya da yara, aka yi maganar ruwan da ya fara hawa fadama. Sannan Malam ya ce ya zo aron takardar.

Baba bai ɗaga kai ba. "Wace takarda?"

"Kawu. Wadda na ba ka gindin durumi."

"Ni? Ban san wata takarda ba."

"Kawu, ni ne fa. Ba kowa a nan sai ni da ɗanka."

"To ai shi na ce. Ban san ta ba." Ya ja igiyar da haƙori ya ɗaure. "Ku ci abinci kahin ku tahi."

Daga baya innata ta faɗa mini tun ranar da aka raba, kafin la'asar, takardar ta shiga murhu. Haka kusan ko'ina. Wani ya ce akuya. Wani ya ce yara. Wani ya rantse bai taɓa ganin Malam da takarda a hannu ba tun yana yaro. Ba wanda ya yi masa tsawa, kowa sai ya kawo fura. Waɗanda suka ajiye su ne waɗanda tun farko ba su ƙara kowa ba, yawancinsu masu ƙaramin gida da ba su taɓa ganin takin ba. Kwana biyu muna yawo, muka samu talatin da ɗaya.

Da su ya je Zariya. Ban bi shi ba, amma na ga dawowarsa. Masu jarrabawa sun ce aikin na da kyau, sai dai ba za su sa hannu kan gida ɗari biyu da goma sha biyu da takarda talatin da ɗaya ba. Suka ba shi shekara biyu ya sake bin gidajen. Ya gwada. Ya je da sababbin takardu masu lamba, babu suna. Mutane suka tarbe shi da tabarma, suka ce ba su noma, ba su san taki ba, kuma gidan ba kowa sai tsofaffi. Shekara biyun suka cika.

Yanzu shekara biyar ke nan. Yana nan a kwalejin, aji uku a mako, matsayinsa bai motsa ba. Ɗalibansa biyu sun riga shi zama dakta, in sun zo gaishe shi sai su rasa inda za su sa ido. Mutanen Gulma kuwa duk kaka sai buhun shinkafa ya iso gidansa ba a san wanda ya aiko ba, direba ya ce shi dai an ce ya sauke a nan.

Kwanan baya na same shi a baranda yana duba takardun jarrabawar ɗalibai da jan biro. Na ce, "Taubashi, tsakani da Allah, da ka san za su ƙona, za ka ba su?"

Ya gama jan layin da yake ja. "Na san za su ƙona."

"To me ya kai ka roƙonsu?"

"Na ɗauka Kawu zai ajiye." Ya juya shafi. "Matsa, ka tare mini haske."