Shekarar da Autanmu Ya Daina Cin Daddawa

Ƙauyenmu yana kusa da Birnin Tudu, a ƙasar Bakura. Ko da aka yi mini aure ban yi nisa ba, zana ɗaya ce tsakanin gidan mijina da na Inna, don haka kusan kullum tare muke aiki. Sana'ar Inna daddawa ce. Baba ya bar mana itatuwan ɗorawa a gonar tudu, kuma da bazara, in sun nuna, mukan kwaso mu ɓare, mu fitar da garin a sha a kunu, mu tara kalwar. A dafa ta yini guda a babbar tukunyar ƙasa, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye har ta yi. Mata daga Bakura suna aiko da saƙo tun ba ta bushe ba.

Sauran shekara kuma kowane lokaci da abincinsa. Da damina tafasa da yaɗiya da rama, mu kwaɗa da ƙuli. Da kaka a gasa tumu, a dama furar sabon gero, a soya gyaɗa. In ruwa ya janye daga fadama maza su kawo tarwaɗa mu banda. Hocen Inna kuwa, na jar dawa, ko mai tafiya Sakkwato da shi yake guzuri. In hannunta ya huta daga murhu sai ta ɗauki kaba ta hau saƙar faifai.

Duk wannan shi ya raini autanmu. Ni na goye shi, na san yawan tuwon da ya shiga cikinsa.

Da aka fara aikin dam na Bakolori, samari suka yi ta tafiya Talata Mafara neman aiki. Shi ma ya tafi, aka ɗauke shi. Aikinsa shafa wa katafila man giris da wanke ta, amma a gida cewa ya yi shi mataimakin direba ne. Bayan wata biyu ya dawo ranar wata Juma'a da hular kwano rawaya a kansa da baƙin tabarau. Da hular ya je masallaci, da ita ya zauna cin abinci.

Inna ta ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka a akushi, ta rufe da faifai sabo. Ya ɗaga faifan da yatsu biyu, ya yamutsa fuska.

"Inna, mi aka sa cikin miyag ga?"

"Abin da aka saba sa mata," in ji Inna.

"Wari take. Can wurin aiki ba mai cin wanga abu. Turawa sun ce ruɓaɓɓen abu na."

Na ce masa, "Turawan da kai suka yi maganar, ko da katafila?"

Ya zaro wasu 'yan dunƙule a takarda mai walƙiya daga aljihu, ya ce daga yau da su za a riƙa yi masa miya. Ya kawo tumatirin gwangwani da kifin gwangwani, da farantin roba guda biyu, ya ce akushi yana tara ƙwayoyin cuta. Inna ta biye masa. Uwa ce, kuma auta ne. Ta riƙa ɗora tukunya biyu, tamu da tasa. Na taɓa ɗanɗana tasa, ruwan gishiri ne mai ja. Yakan ci yana lumshe ido kamar mai jin daɗi, sannan ya tashi ya bar rabin tuwon a faranti.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ya koma yi mana bayani. In muna surfen kalwa sai ya tsaya daga nesa, hannu a aljihu, ya ce nan da shekara kaɗan ba mai daka a turmi, inji zai yi komai, alkama da shinkafa za mu riƙa ci rani da damina. Mutumin da bai taɓa nome kunya ɗaya ya kai ƙarshenta ba, shi ke faɗa wa Inna abin da ƙasa za ta bayar.

Da rani na gaba aka iso gonakinmu da aikin daidaita ƙasa don noman ruwa. An gaya mana tun da wuri, mun san itatuwa za su tafi. Ni da Inna da wasu mata muka je bakin gonar da safe muka tsaya. Katafila ta taho, ga autanmu a tsaye a gefen direba, ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya. Da ya hango mu sai ya ɗaga ɗaya hannun yana gaishe mu, yana dariya, yana nuna mu ga direban, wai ga mutanen gidansu. Sannan ya nuna babbar ɗorawar da Baba yake hutawa a ƙarƙashinta. Ba ta ɗauki lokaci ba ta faɗi. Inna ta gyara mayafinta ta ce mu tafi, rana ta yi.

Na san ko babu shi itacen zai faɗi. Ba shi ya zana taswirar ba, ba shi ke tuƙi ba. Amma akwai samarin garinmu da suke wannan aikin, ranar da aka zo gonakin iyayensu suka ce ba su da lafiya. Shi har wanka ya yi ya sa sabuwar riga.

Da yamma ya shigo yana cewa, "Yaya, kin gan ni kuwa?"

Na ce, "Na gan ka. Kowa ya gan ka."

Ya ɗauka yabo ne.

Daga shekarar Inna ta koma sayen kalwa. Mijina yakan je har Faru da kasuwar Maradun a kan jaki ya auno mata, wani lokaci ya dawo da ɗan abin da bai cika tukunya ba. Ruwan fadama ma ya daina zuwa yadda ya saba, tarwaɗa ta yi wuya. Ba ta daina aikin ba, sai dai ta rage, ta ƙara yawan faifai.

Da aiki ya ƙare aka sallami leburori, har da shi. Aka karɓe hular. Gwangwanayen suka ƙare, dunƙulen suka ƙare, Inna ta koma tukunya ɗaya. Ranar farko na zauna musamman in ga yadda zai yi. Ya ja akushi ya cinye, ya suɗe yatsunsa, ya tambaya ko da saura. Bai ce ya yi kuskure ba, bai ma nuna ya tuna ba. Na so in yi magana, Inna ta kalle ni, na bari.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya ji tausayinsa, ya ce ya zo ya koya masa saƙar zana, tunda gamba ba ta da wuyar samu. Ya yi kwana shida yana zuwa. Zanar da ya saƙa muka kafa a bayan gida, washegari akuya ta bi ta tsakiyarta ta shiga ta cinye kuɓewar da na shanya. Ya ce gambar ce ba ta da kyau.

Daga baya ya koma Talata Mafara yana sayar da fetur a kwalba a bakin hanya. Ya tsufa yanzu, yana da jikoki. Na ji an ce in yara suka taru yakan ba su labarin yadda suka gina dam shi da Turawa, har da irin shawarar da ya ba su. Muna haɗuwa wurin suna ko ta'aziyya. Yakan durƙusa ya gaishe ni, in amsa har ƙarshe, in tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan in juya in ci gaba da maganar da nake yi.