Sajan Ciyawa

Da ma ban laƙaba masa Sajan Ciyawa ba. Tsohon soja ne da ya dawo Kalmalo yana tsaron burtali, hanyar shanu, yana watsa irin gamba daga aljihun koɗaɗɗen kakinsa.

Ranar da na tura garmata cikin burtalin, ya iske ni, shi kuwa yana ƙanshin ɗanyen haki. Na ce, "Sajan, mi ciyawa za ta ba ka?"

Ya ce, "Ƙanena, na ga yaƙi. Daga kunyar gona guda yake farawa."

Dariya na yi, kuma har ya rasu ban nemi gafararsa ba.

Jiya na ga shanu suna bin kwalta, makiyayinsu yana waige-waige, don gonakinmu sun cinye hanyarsu. Allah Ya jiƙan Sajan. Ku kuma, don Allah, kada ku nome burtali.