Gawon Gidanmu da Na Sa Aka Sare

Shekarun baya can, mahaifiyata ta tafi ƙauye duba ƙanwarta, ta bar mini gidanmu na Tirkaniya in kula da shi. A tsakar gidan akwai wani gawo da marigayi mahaifina ya dasa, a gindinsa take shimfiɗa tabarma duk rani, awakinta kuma suna cin 'ya'yan da ke faɗowa.

Ruwa na sauka sai gawon ya fara zubar da ganye. Na yi shara har na gaji, ganyen ya toshe magudana, ruwa ya shiga kicin. Kafin wata ya cika itace ya tsaya tsirara, alhali mangwaron maƙwabta ya yi kore shar. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai ga abokina, wanda muka yi aiki tare a Kakuri, mutumin da babu abin da bai sani ba a duniya. Ya ɗaga kai ya ce, "Kai, wannan ai ya mutu! Wane itace ne zai bushe da damina? Ka sare shi tun bai faɗo wa Hajiya a ka ba."

Ni kuma sakarai na ɗauka. Na kira mai sara. Gatari biyu ya kai ya tsaya, ya ce, "Malam, wannan fa ɗanye ne." Na ce masa sara na kira shi, ba shawara ba. Wallahi har yau in na tuna wannan amsar sai in ji kamar in mari kaina.

Da mahaifiyata ta dawo ta daɗe a tsaye kan kututturen, jakarta a hannu. Na fara zuba bayani, wai ya bushe. Ta ce, "Bushewa daban, kaɗewa daban. Kaɗe ganye ya yi. Gawo da damina yake kaɗewa, in rani ya zo kowa ya tuɓe, shi lokacin yake tofo." Sai ta juyo ta dube ni. "A gidan nan aka haife ka. Duk shekara haka yake yi. Ba ka taɓa ɗaga kai ba?"

Gaskiya ban taɓa ba. Ita ke share ganyen tun asuba, ni inuwar kawai na sani. Abokina kuwa da na tare shi cewa ya yi, "Ai ni ce maka na yi kamar ya mutu." Kamar! Haba!

Yanzu ko yaro na ji ya ce itace ya bushe sai na tambaye shi ko kaɗewa ce, har 'ya'yana na yi mini dariya. Amma ni abin ba ya ba ni dariya. Ranin da ya biyo baya na yi mata rumfar kwano a bakin ɗaki, ta ƙi zama. Ta ja tabarmarta gindin kututturen, cikin rana. Na ce, "Hajiya, ai babu inuwa." Ta ce, "Na sani. A nan babanku ya bar ni."